Daga Gauta Zuwa UTC: Tarihin Tumatir da Sunayen Ire-irensa a Potiskum da Kewaye

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga kasuwar kayan miya a kowane gari na Arewacin Nijeriya zai ɗauka cewa tumatir tsohon ɗan gida ne, domin da wuya a ɗora tukunyar jar miya ko ta dafa-duka ba tare da shi ba. Alhali kuwa baƙo ne wanda bai daɗe da sauka ba idan aka gwada shi da kuka da kuɓewa da yakuwa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma wannan baƙon ya ƙi tashi da hantsi, har ya kai ga ture waɗansu daga cikin 'yan garin da ya tarar.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun tumatir daga mahaifarsa zuwa garkar gida a Potiskum ta Jihar Yobe, da kwatanta ire-irensa da aka noma a lokuta daban-daban, sannan a nazarci sunayen da manoma suka laƙaba musu. Dalilin da ya sa batun ya shafi masana harshe shi ne, iri da sunansa tare suke rayuwa, tare kuma suke mutuwa. Ranar da aka daina shuka wani iri, a ranar ne sunansa yake fara fita daga bakin mutane, da shi da duk kalmomin da ake amfani da su wajen renonsa.

2.0 Asalin Tumatir da Yaɗuwarsa

Kakannin tumatir tsire-tsire ne na daji masu ƙananan 'ya'ya, waɗanda ake samu a yammacin Kudancin Amurka, musamman ƙasashen Feru da Ikwado. A ƙasar Meziko ne aka fi inganta shi har ya zama amfanin gona, kuma daga harshen Nahuwatil na mutanen Aztek ne aka sami kalmar tomatl, wadda ita ce uwar sunan da yawancin harsunan duniya suke kiransa da shi. Bayan da Sifaniyawa suka ci babban birnin Aztek da yaƙi a 1521, sai suka kai irin Turai.

Bayanin farko da aka sani game da shi a Turai shi ne na wani likita ɗan Italiya mai suna Pietro Andrea Mattioli a 1544, wanda ya ɗauke shi a matsayin wani sabon nau'in gauta. A bugun littafinsa na 1554 ya ambaci sunan pomi d'oro, wato 'ya'yan itacen zinariya, kuma daga wannan suna ne Larabcin ƙasar Sham ya sami kalmar banadura, yayin da Misrawa suke cewa ɗamaɗim. Turawan Arewacin Turai sun daɗe suna ƙyamar cin sa saboda dangantakarsa da waɗansu tsire-tsire masu guba, don haka suka riƙa shuka shi don ado. Sai a 1692 aka buga tsarin yin miya da shi a wani littafin girki a birnin Nafuli. A 1753 masanin tsirrai Carl Linnaeus ya sa shi a cikin dangin Solanum, wato dangi ɗaya da gauta da dankalin Turawa.

Tumatir ba shi kaɗai ya yi wannan doguwar tafiya ba. Masara da rogo da gyaɗa da gwanda da barkono da taba duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492. Sun shigo Afirka ta Yamma ta ƙofa biyu: ta bakin teku a hannun Fotugis da waɗanda suka biyo bayansu, da kuma ta hamada daga Masar da Arewacin Afirka a hannun fatake da alhazai. Sunan masara kansa shaida ne na hanya ta biyu.

3.0 Miyar da Tumatir Ya Tarar

Kafin zuwan tumatir, miyar ƙasar Hausa da ta Borno ta dogara ne a kan ganyaye da kayan yauƙi: kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, lalo, yakuwa, zogale da kabewa. Daddawa ita ce mai ba da ɗanɗano, kanwa tana kashe tsami, yakuwa da tsamiya kuma su ne masu kawo shi idan ana bukata. A ɓangaren 'ya'yan tsiro kuwa akwai gauta da yalo da ɗata, waɗanda 'yan asalin Afirka ne, ana cin su ɗanye, ana kuma sa su a miya da fate.

A nan akwai abin lura ga mai binciken tarihi. Kamar yadda Mattioli ya ga tumatir ya kira shi gauta, haka Turawan da suka zo ƙasar nan suka ga gauta suka riƙa fassara shi da cewa tumatir ne mai ɗaci ko tumatirin gargajiya, kuma wannan fassara ta zauna a ƙamusoshin Hausa. Saboda haka duk inda aka ci karo da sunan tumatir a rubuce-rubucen matafiya irin su Denham da Clapperton, waɗanda suka iso Kukawa a 1823, ko Barth wanda ya shiga Kano a 1851, ko Nachtigal wanda ya sauka Borno a 1870, wajibi ne a tantance ko tumatir ake nufi ko kuwa gauta. Wanda bai yi wannan tankaɗe ba yana iya ƙara wa tumatir shekarun da ba nasa ba.

Al'ada ma tana nuna wanda ya riga wani. Sunan gauta ya shiga cikin wasannin gargajiya, kamar wasan gauta da matan fada suke yi, inda ake kwaikwayon sarki da hakimai. Tumatir bai sami irin wannan gurbi ba, domin ya zo ne bayan an riga an raba wuraren zama.

4.0 Kalmar Tumatir

Ana jin wannan kalma da siffofi da dama: tumatir, tumatur, timatir, sannan a Jamhuriyar Nijar akan ji tumati, wadda ta fi kusa da lafazin Faransanci. Rashin daidaituwar wasulan yana daga cikin alamomin kalmar aro wadda ba ta daɗe ba.

Tsofaffin kalmomin amfanin gona da Hausa ta aro daga Larabci sukan zo da harafin al- a manne da su. Misali, albasa daga al-basal, da alkama daga al-ƙamh. Waɗannan kayan lambu ne da suka shigo tun zamanin cinikin hamada. Kalmar tumatir ba ta ɗauke da wannan harafi, kuma ba ta ƙare da -m kamar ta Misrawa ba, ba ta kuma yi kama da banadura ta mutanen Sham ba. Wannan yana ƙarfafa ra'ayin cewa daga Ingilishi aka aro ta, ko kai tsaye ko ta bakin kukun Turawa da ma'aikatan da suka zo daga Kudu a farkon ƙarni na 20.

Abin da ya rage shi ne baƙin r na ƙarshe. A nan yana da amfani a duba harshen Hindi da na Urdu, inda ake cewa tamatar. Su ma sun aro kalmar ne a ƙarƙashin mulkin Ingila, su ma sun ƙare ta da r. Daidaituwar harsuna biyu da ba su da dangantaka, kuma suke nesa da juna, tana nuni ga tushe ɗaya, wato lafazin talakawan Ingila da sojojinsu, waɗanda sukan raunana wasalin ƙarshe na kalmar har ya yi kama da na kalmomin da ake rubutawa da -er.

Daga wannan kalma ɗaya wasu suka tsiro: tumatirin gwangwani, tumatirin leda, jar miya. Akwai kuma tsofaffin kalmomi da aka faɗaɗa ma'anarsu. Kauɗa, wadda aka sani da ma'anar busasshen goro, ta zama sunan tumatirin da aka yanka aka shanya. Kayan gwari kuwa ya zama sunan da 'yan kasuwa suke kiran tumatir da tattasai da attaruhu da sauran kayan da ba sa jure ajiya.

5.0 Potiskum da Noman Lambu

Potiskum gari ne da hanyoyi suka haɗu a cikinsa: ta Kano zuwa Maiduguri, ta Bauchi, ta Gombe, da ta Gashuwa. A 1924 Turawan mulkin mallaka suka mayar da mazaunin Sarkin Fika zuwa garin, abin da ya mai da shi cibiyar mulki da ciniki. Yana cikin Jihar Borno har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Yobe. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutane fiye da 200,000. Ngizimawa da Karai-Karai da Bolewa da Ngamawa da Fulani da Barebari da Hausawa duk suna zaune a yankin, kuma Hausa ce harshen kasuwa a tsakaninsu. Garin ya yi suna da kasuwar shanu da ta hatsi da kuma sana'ar manyan motocin dakon kaya.

Ta fuskar noma, yankin na gero ne da dawa da wake da gyaɗa, damina kuma gajera ce, daga wajejen Yuni zuwa Satumba. Noman kayan miya ya kasu gida biyu tun da can. Akwai garka, wato ɗan fili a bayan ɗaki ko bayan gida da ake kewayewa da kara ko ƙaya, wanda galibi mata da tsofaffi suke kula da shi da damina, ko su riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke da rani. Akwai kuma lambu a fadama ko bakin kogi, inda maza suke ban ruwa da jigo da guga. Manyan wuraren lambu na jihar suna gefen kogin Gongola a kudancin ƙasar Fika, da kuma gaɓar kogin Yobe a wajen Gashuwa da Gaidam, da dausayin Haɗeja zuwa Nguru.

Halin tumatir shi ya tsara kalandar nomansa. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, ko dare ya ƙi yin sanyi, furensa yakan kaɗe ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. A Potiskum kuwa zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Da damina kuma laima tana kawo cututtukan ganye da ruɓewa. Wannan ne ya sa hunturu ya zama lokacinsa: a yi reno a ƙarshen damina, a yi dashe a Oktoba ko Nuwamba, a yi ta tsinka daga Janairu zuwa Maris. A lokacin nan yakan yi arha har a zubar, sannan daga bazara zuwa tsakiyar damina ya yi tsada, a koma ga kauɗa da na gwangwani.

6.0 Zubi Uku na Iri

Idan aka dubi ire-iren tumatirin da suka ratsa wannan yanki, za a iya kasa su zubi uku, kowane da zamaninsa da dalilin zuwansa.

6.1 Irin Gida

Zubin farko shi ne wanda manoma suke kira na gida ko na gargajiya. Nau'i biyu ne fitattu. Akwai ƙanana masu kamar 'ya'yan kanya ko ƙasa da haka, waɗanda sukan fito gyauro a juji da bakin magudanar ruwa da gindin danga. Akwai kuma masu faɗi, masu tsaga-tsaga a jiki kamar ƙaramar kabewa, masu ruwa da tsami da yawan ƙwaya. Dukansu suna yaɗo, suna ci gaba da fure da 'ya'ya muddin suna samun ruwa.

Abin da ya ba wannan zubi damar zama na gado shi ne yadda furen tumatir yake barbarar kansa da kansa. Saboda haka 'ya'yan da aka shuka sukan fito kamar uwarsu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai garka takan zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau kuma suka nuna sosai, ta matse ƙwayar a ƙwarya, ta bar ta kwana biyu ko uku har yauƙin ya tsinke, ta wanke, ta shanya a inuwa, sannan ta cuɗa da toka ta ƙulle a tsumma ko ta zuba a gora. Da wannan zaɓe na shekara da shekaru ne irin ya saba da ƙasar da zafinta da cututtukanta, ba tare da wani ya rubuta komai ba. Yakan kuma bi amarya zuwa gidan miji, ya bi maƙwabciya ta kan danga.

6.2 Irin Kasuwa

Zubi na biyu ya zo da tarihin da ya faro daga nesa. A 1955 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta fitar da irin da ake kira Roma, mai siffar ƙwai, mai kaurin tsoka da ƙarancin ruwa. A farkon shekarun 1960 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka ƙera injin girbin tumatir, suka kuma samar da irin da zai jure dukan injin. Da aka kawo ƙarshen shirin shigo da 'yan ƙwadago daga Meziko a 1964, sai manoman Kalifoniya suka rungumi injin da irinsa. Daga wannan jami'a ne irin UC82 ya fito a shekarun 1970. Siffofin da aka nema su ne tauri, da gajartar tsiro, da nuna a lokaci guda.

A gida Nijeriya kuwa, farin 1972 zuwa 1974 da kuɗin man fetur sun sa gwamnati ta mai da hankali ga noman rani. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ta shayar da filayen Kadawa da Kura a Jihar Kano. An kafa cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Ibadan a 1975, aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, aka kuma kafa hukumomin raya koguna a shekarar. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta gwada ire-iren da aka shigo da su daga Italiya da Amurka, ta fitar da waɗanda suka dace a ƙarƙashin sunan SAMTOM. Kamfanin Vegfru da aka kafa a yankin Dadin Kowa, kudu da Potiskum, ya buɗe kasuwar tumatirin sarrafawa a Arewa maso Gabas. Daga baya ƙananan injunan ban ruwa masu amfani da fetur da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi suka maye gurbin jigo, musamman bayan fara shirin Fadama na ƙasa da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990.

Abin mamaki shi ne, taurin da aka nema don injin Kalifoniya shi ne ya dace da kwandon kaba da bayan tirela. Tumatirin da za a ɗora kwando bisa kwando, a yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da shi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, dole ya zama mai kaurin fata. Irin gida ba ya kai rabin hanya sai ya zama ruwa. Nan da nan dillalai suka daina taya shi, manoman lambu kuma suka bi abin da kasuwa take so. Irin gida ya koma garka da juji.

6.3 Irin Aure

Zubi na uku shi ne na irin da kamfanoni suke samarwa ta hanyar aurar da iyaye biyu daban, ana sayar da shi a ƙananan gwangwanaye da fakiti da alamar F1. Yana da yawan 'ya'ya, wasu daga cikinsa suna jure zafi da laima da cutar nannaɗewar ganye wadda farin ƙuda yake yaɗawa, abin da ya ba da damar noman damina. Sai dai bisa ƙa'idar gado da Gregor Mendel ya bayyana a 1866, jikokin irin wannan aure ba sa fitowa iri ɗaya. Wani ya biyo kaka, wani ya biyo kakanni na nesa. Ke nan manomi ba zai iya ajiye iri daga gonarsa ba, sai ya koma shago kowace shekara. A nan ne sarƙar gado ta tsinke: irin ya bar hannun mai garka ya koma hannun kamfani.

7.0 Kwatanci a Garkar Gida

Idan aka shuka zubin nan uku a kwami uku na garka ɗaya, aka ba su taki da ruwa daidai, bambancinsu yakan fito fili ta fuskoki biyar.

Ta fuskar ɗanɗano, irin gida ya fi tsami da ƙamshi, kaɗan daga cikinsa yakan ji a miya. Irin kasuwa ya fi kauri da ja, ya fi auki a tukunya, amma lami ne idan an ci shi ɗanye. Bincike ya gano ɗaya daga cikin dalilan haka. A 2012 mujallar Science ta buga sakamakon da ya nuna cewa siffar nuna bai-ɗaya, wadda masu inganta iri suka zaɓa domin 'ya'yan su yi ja ko'ina ba tare da koren kafaɗa ba, ita kanta tana rage zaƙin da ke cikin tumatir.

Ta fuskar ajiya, irin kasuwa da na aure sukan yi kwanaki ba su lalace ba, irin gida kuwa kwana biyu ko uku ya ishe shi. Wajen yin kauɗa ma Roma da danginsa sun fi, domin ruwansu kaɗan ne, suna bushewa da wuri, kuma abin da ya rage bayan shanya ya fi yawa.

Ta fuskar lokacin girbi, irin kasuwa yakan zubo 'ya'yansa cikin 'yan makonni ya mutu, wanda hakan shi ne bukatar mai cika mota. Irin gida yakan riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan har tsawon watanni, wanda shi ne bukatar uwargida mai ɗora tukunya kullum. Ashe ke nan kowane iri da maigidansa.

Ta fuskar juriya, ƙananan na gyauro su ne suka fi jure damina da rashin kulawa, ba sa bukatar feshi ko takin zamani kafin su ba da abin miya. Ta fuskar kuɗi kuwa, irin gida kyauta ne, Roma da UC82 ana iya ajiye irinsu domin ba na aure ba ne, na aure kuwa sai an saya.

Hatsarin dogaro da iri kaɗan a fili mai faɗi ya bayyana a 2015 da 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta afka wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifaniya a 2006, ta ratso Arewacin Afirka. A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, masana'antar Dangote ta Kadawa kuma, wadda aka buɗe a farkon shekarar, ta dakatar da aiki saboda rashin kaya. Tsutsar ba ta ƙyale irin gida ba. Amma idan annoba irin wannan ta faɗo, masu inganta iri sukan koma ne ga tsofaffin ire-ire da danginsu na daji don neman siffar juriya. Da tsohuwar zuma ake magani, muddin dai an adana ta.

8.0 Sunayen Ire-ire

Hanyar da Hausa ta fi bi wajen raɗa wa iri suna ita ce ɗan ko 'yar haɗe da sunan wuri, gwargwadon jinsin amfanin gonar. Gyaɗa tamace ce, shi ya sa ake da 'yar Dakar. Albasa ma haka, ga 'yar Galmi. Wake namiji ne, ga ɗan Ila. Tumatir namiji ne, saboda haka a kasuwannin Arewa maso Gabas ake jin ɗan Siriya da ɗan Baga. Irin wannan suna ba lalle ne ya nuna mahaifar iri ta asali ba. Abin da yake nunawa shi ne ƙofar da aka ga ya shigo ta cikinta, ko hannun da aka karɓe shi. Ɗan Baga yana tuna wa mai sauraro noman gaɓar Tafkin Chadi, yankin da hare-haren 2013 da 2015 suka tarwatsa mazaunansa. A irin wannan hali suna yakan yi saura bayan gonakin da suka haife shi sun zama kufai.

Hanya ta biyu ita ce hausantar da sunan da aka gani a jikin fakiti, kamar Roma da Tandino. Mafi ban sha'awa a wannan rukuni shi ne UTC, wanda ake furtawa yutisi. Kusancinsa da UC82 a rubuce, da kuma shaharar kantunan kamfanin UTC a biranen ƙasar nan a wancan zamani, suna nuna cewa an jingina baƙon suna ne ga wanda kunne ya saba da shi. A yau kalmar ta faɗaɗa, har akan kira kusan duk tumatir mai tauri da ita.

Hanya ta uku ita ce siffantawa: mai ruwa, mai tsaga, mai tsami, na gida. Abin lura shi ne, irin da ya fi daɗewa shi ne ya fi rashin suna na kansa. Muddin shi kaɗai ne a garka, tumatir kawai ake ce masa. Sai da baƙi suka zo aka bukaci bambanta shi, aka ce na gida, wato an ba shi suna ne a daidai lokacin da ya fara ja da baya.

Potiskum wuri ne da ya dace da irin wannan nazari, domin harsunanta sun sami kulawar masana. Russell Schuh ya yi aiki a kan Ngizim a garin tun 1969, ya buga ƙamusunsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, wanda ya samar da ƙamusoshin Bole da Karai-Karai da Ngamo da Ngizim da Bade, aka buga su a Potiskum a 2004, aka sake bugawa a 2009. Da yake waɗannan ƙamusoshi sun haɗa da fassarar Hausa, sun zama ma'auni na gwada sunayen tsirrai na asali da waɗanda aka aro ta hanyar Hausa. Abin da ƙamus na gama-gari ba ya kaiwa gare shi shi ne matakin da ke ƙasa da sunan tsiro, wato sunayen ire-ire da kalmomin reno da dashe da zaɓen iri, waɗanda akasarinsu suna bakin mata da tsofaffi.

9.0 Kammalawa

An ga yadda tumatir ya taso daga Kudancin Amurka, ya ratsa Meziko da Turai, ya iso ƙasar da gauta da yakuwa suke riƙe da tukunya. Yadda siffar sunansa take nuni ga zamanin Turawa. Da yadda madatsun ruwa da injin ban ruwa da tirela suka fifita iri mai tauri a kan irin gida daga shekarun 1970. An kuma ga cewa kowane zubi yana da abin da ya fi saura, kuma irin gida shi kaɗai ne aka zaɓa don bukatar gida.

A wasu ƙasashe an farga da wannan tun da wuri. A Amurka an kafa ƙungiyar masu musayar irin gado a 1975, kuma abin da take adanawa ya haɗa da ƙwayar irin da sunansa da labarin gidan da ya fito. Nijeriya tana da cibiyar adana irin tsirrai ta ƙasa a Ibadan tun 1987. Sai dai ƙwayar da aka ajiye a ɗakin sanyi da lamba kawai, ba tare da sunanta na gida da bayanin amfaninta ba, rabin ajiya ce. Wannan rabi na biyu aikin masana harshe ne. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya, da haɗin gwiwar sassan aikin gona da kwalejoji irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, su tura ɗalibai garka-garka da kasuwa-kasuwa, su tattara sunayen ire-iren tumatir da gauta da yalo da barkono a Hausa da Bole da Ngizim da Karai-Karai da Ngamo, a rubuta kowane suna da karin sautinsa da garin da aka ji shi, a kuma karɓi ƙwayar irin a haɗa da shi. Masu riƙe da wannan sani tsofaffi ne, kuma jikokinsu a shago suke sayen iri.